Samfuri na Goma

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo shago yau da takarda a hannu. Ina tsakiyar sa zif a siket ɗin wata malama, ta tsaya a kaina da murmushin nan nata na mai neman abu. Wai bincikenta na digiri na uku. Tana so idan an zura mini kyamara a hanji wata mai zuwa, aka cire tsiron da aka samu, in yarda a yanko mata ɗan guntu.

Na ce me za ki yi da shi, miya?

Ta yi dariya, ta ja kujera tana yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya. Wai a hanjin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa ƙirguwa, kuma ba duka ne masu cuta ba, wasu ma su ke taya mu narka abinci. Tana so ta ga waɗanne iri ne ke manne a jikin tsiron masu irin ciwonmu, ko sun bambanta da na masu lafiya, ko suna da hannu idan tsiro ya rikiɗe ya zama ciwon daji.

"Ciwonmu." Haka ta ce. Mu da wa?

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don ni kaina.

Baba ne ke da shi. Ciwon gado ne, sunansa na wasu likitoci biyu, har yau bakina bai iya faɗa ba. Alamarsa baƙaƙen ɗigo a leɓe, kamar an yayyafa barkono baƙi, a ciki kuma tsiron nama ne ke fitowa a hanji. Likita ya ce kowane ɗa da aka haifa, ko ya ɗauko ko ya tsallake, rabi da rabi. Mu biyu Baba ya haifa. Na ɗauko, Auta ta tsallake.

Ina shekara sha huɗu hanjina ya shige cikin kansa aka yi mini aiki. Ina sha bakwai aka sake. A nan makaranta ta ƙare mini, kuma ni ce nake zuwa ta ɗaya a aji, ba ita ba. Ita ta biyar take zuwa, wataran ta shida. Yanzu tana da farar riga da sunanta a ƙirji, ni ina da keken ɗinki da tabo biyu a ciki.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda ta shafa jambaki sai na kalli leɓenta. Sumul.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sa hannu a takardar. Inna tana zaune tana kallona, me zan ce?

Ashe ni ce ta goma. Ciwon ba shi da yawa, shekara huɗu tana nema mutum tara kawai ta samu, Farfesanta kuma ya ce ba za a karɓi aikin ba sai sun cika goma kafin ƙarshen Mayu. Idan ba su cika ba, sai baɗi. Da na ajiye biro ta rungume ni kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya, ta maimaita har sau uku. Kada in sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin kafson nan, wata uku kafin ranar. Yana share bakteriyar hanji, masu kyau da marasa kyau, samfurin ya zama na ƙarya. Na ce ban sha ba tun bara. Gaskiya ne.

Laraba, 12 ga Maris

Inna a ƙofar gida tana gaya wa maƙwabciya, "Auta ce za ta gano maganin ciwon yayarta." Na wuce da bokiti ko kallona ba su yi ba.

Talata, 18 ga Maris

Wata ta kawo yadi, tana ta kallon bakina. Daga baya ta ce akwai man da ke cire wannan. Na ce Allah? Na ci gaba da awo. Na matsa mata tef a ƙugu fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe mini.

Lahadi, 23 ga Maris

Yau raina ya ɓaci ƙwarai.

Auta ta ce mu zauna ta gwada mana jawabin da za ta yi a gaban malamanta. Ni da Inna da Goggo a falo. Ta miƙe tsaye, ta gyara murya, ta fara da cewa ta taso a gidan da wannan ciwo ya ɗauke mahaifinta, ta ga wahalarsa da idonta. Goggo ta fashe da kuka. Inna tana share hawaye da gefen mayafi tana "Allah ya yi miki albarka."

Ta ga wahalarsa da idonta! Tana makarantar kwana lokacin. Ni na riƙe wa Baba roba yana amai. Ni nake juya shi, ni nake wanke zanen gadon. Ni ya riƙe wa hannu ya ce in yafe masa abin da ya bar mini. Ta zo ana saura kwana biyu ya rasu, da jakar littattafai.

Sannan ta nuna hoto a kwamfuta, leɓen mutum an ja shi kusa, ɗigo ɗigo. Ba fuska, amma na san bakina. Ita ta ɗauka bara, na yarda, na ma manta. Goggo ta ce, "Kai, abin tausayi."

Na ce kaina na ciwo na tashi.

Litinin, 24 ga Maris

Na je kemis ɗin da ke bayan shago, ba wanda muka saba ba. Na dafe kunci na ce haƙori ne, ya kumbura. Mai kemis bai ko leƙa bakin ba. Ya ba ni kafso, safe da yamma, kwana bakwai.

Na ɓoye shi a durowar keke, ƙarƙashin zare. Na sha na farko da ruwan leda.

Talata, 25 ga Maris

Ba wani abu ba ne. Hanjina ne, ba nata ba. Abin da na ga dama zan zuba masa.

Asabar, 29 ga Maris

Cikina yana ta ƙugi, na je banɗaki sau biyar. Auta ta ji, ta zo da ruwan gishiri da sukari a kofi, tana taɓa goshina. Ta ce ko tsoron aikin Talata ne? Na ce shi ne. Ta ce za ta tsaya a bakin ƙofa har a gama.

Ai dole ki tsaya, na ce a raina, kayanki ne a ciki.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi.

Jiya na wuni ina shan maganin wankin ciki, lita biyu, mai ɗanɗano kamar ruwan wanki. Da safe nas ta shigo da takarda tana jero tambayoyi. Auta ba ta ciki, doka ta hana tunda 'yar'uwata ce. Kin ci wani abu? A'a. Kina da ciki? A'a. Kin sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin wata uku da suka wuce?

Na ce a'a.

Na ɗauka muryata za ta canza. Ba ta canza ba. Nas ta yi alama ta wuce tambaya ta gaba.

Da na farfaɗo Likita ya ce tsiro huɗu ya cire, ɗaya ya kai girman lemun tsami. Nas tana dariya tana ba ni labari, wai ana miƙa wa Auta kwalbar ta cusa ta cikin ƙanƙara ta kwasa da gudu har lab, ɗakin gwajinsu, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Dole sai an daskarar da shi cikin mintuna kaɗan.

Ta dawo tana haki, ta zauna bakin gado tana ba ni shayi da cokali.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na koma aiki. Ɗinki ya taru. Babu labari, wai an aika samfurin wurin da ake karanta ƙwayoyin, sai an jira.

Na ɗauka za a dube shi a ga ya lalace, a ce mata bai yi ba, ta yi kukanta, shi ke nan. Abin da nake jira ke nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Likita ya kira ni. Babban tsiron ya fara canzawa, amma bai kai ga zama daji ba, kuma an cire shi gaba ɗaya. Ya ce da na ƙara shekara da labari ya sha bamban. Inna ta yi sujada a tsakar ɗaki. Da ta ɗago, Auta ta fara yi wa godiya, wai ita ta matsa aka yi a kan lokaci.

Ni na riƙe ranar a kalanda tun shekara biyu da suka wuce.

Lahadi, 4 ga Mayu

Inna lillahi.

Auta ta shigo da rana baki har kunne, kwamfuta a buɗe a hannu. Ta nuna mini wasu sanduna masu launi, kowace sanda mutum ɗaya, kowane launi irin bakteriya ɗaya. Guda tara suna da launuka da yawa kamar yadin atamfa. Ta goma kusan launi biyu ne kawai.

"Yaya, taki ce. Kuma naki ne kaɗai tsiron da ya fara canzawa."

Ban gane ba sai da ta sake faɗa. Ba ta ga lalatacce ba. Gani take ta gano wani abu. Wai kamar tsiron da ke shirin zama daji yana korar sauran bakteriya, ya bar iri biyu. Farfesa ya ce mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma abin lura ne babba, ta mai da shi tsakiyar aikin, kuma za ta gabatar a taron likitoci ranar 20 ga wata.

Na ce ma sha Allah.

Talata, 6 ga Mayu

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa. Akwai wani gefe na zuciyata da ya ji daɗi. Ina taka keke ina hango ta a gaban manyan likitoci, wani tsoho mai tabarau ya ɗaga hannu ya ce, 'yan mata, wannan ai aikin kafso ne. Ta daskare. Ta ji yadda ake ji idan ana kallon mutum ana tausaya masa.

Na ɗinke hannun riga a baibai, sai da na farke.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ta kawo mini yadi in ɗinka mata rigar taron. Shuɗi mai duhu. Na auna ta, ta rame, ƙugunta ya ragu da inci biyu.

Ina durƙushe ina auna tsawo take magana ta samana. Wai idan abin ya tabbata, wataran za a iya duba bakteriyar mutum a san wanda tsironsa ke da haɗari, a gaggauta masa, a bar wanda nasa ke lafiya ya huta. Sai ta ce, "Da an san wannan lokacin Baba."

Allura na bakina, ita ta cece ni daga amsawa.

Asabar, 10 ga Mayu

Idan aka yarda da sakamakon nan fa? Wani mai ɗigo a leɓe kamar ni, a duba a ce launukanka da yawa, je ka gida. Alhali abin na cinsa.

Ba a kai nan ba tukuna, na sani. Amma ban iya cin abinci ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na yanka rigar. Ban faɗa ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na faɗa.

Ta zo gwaji da azahar. Na rufe ƙofar shago, ta sa rigar, ta yi mata kyau, ina jin haushin yadda ta yi mata kyau. Na buɗe durowa na ɗauko fankon kafson, ban ma san dalilin da ya sa ban yar ba, na ajiye a kan teburin yanka. Na ce na sha wannan, sati ɗaya kafin a yi mini aikin.

Ta ɗauka ta juya shi. Ta karanta sunan.

"Kwana nawa?"

Bakwai.

"Sau nawa a rana? Yaushe kika sha na ƙarshe?"

Ta ɗauki biron da nake rubuta awo, ta rubuta a bayan wata takardar yadi. Na shirya amsar "me ya sa" tun kwana uku, ba ta tambaya ba. Wannan ya fi ƙona mini rai, sai na faɗa da kaina. Na ce ba haƙori ba ne, ba mantuwa ba ce, da gangan na yi. Na ce ke kin samu lafiya, kin samu makaranta, kin samu Inna, yanzu ciwon ma da ya rage mini shi kaɗai kin zo kin ɗauka kin yi riga da shi. Na faɗi maganar Baba da roba. Na faɗi maganar hoton. Muryata ta tashi har mai shagon kusa ya kashe rediyonsa.

Ta bari na gama. Ta cire rigar a hankali don akwai allurai a jiki, ta ninke ta ajiye.

Ta ce, "Ranar da gwajin jinina ya fito aka ce ba ni da shi, ina shekara sha biyu. A banɗakin asibiti na ɓuya ina kuka. Na san ba za ki taɓa yafe mini ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Fankon ma ta tafi da shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta gaya wa Farfesa. An cire samfuri na goma, an janye ta daga taron. Saura tara. Ba za ta gama bana ba.

Abin da ta ce masa kawai, wai mai samfurin ta tuna daga baya cewa ta sha magani. Inna kuma, ce mata ta yi matsala aka samu a aikin. Inna tana ta sababi a kicin tana ɗora wa Farfesa laifi, mutumin da ba ta taɓa gani ba, wai baƙin ciki yake yi wa 'yarta. Ina yanka albasa ban ɗago ba.

Ta rufa mini asiri. Har kirkin ma ita ce a gaba. Wallahi wani sa'in ji nake gara ta mare ni.

Talata, 20 ga Mayu

Yau ne taron. Ta tafi lab kamar kullum, da tsohuwar rigarta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tana gaishe ni. "Ina kwana, Yaya." "Sannu da aiki, Yaya." Iyakarta ke nan. Da can sai na kore ta daga ɗakina don surutu.

Na tambaye ta ko za a iya sake ɗaukar nawa idan wata uku sun cika. Ba ta kalle ni ba. Ta ce an riga an cire tsiron, sai wani ya fito, kuma ba ta fatan ya fito.

Alhamis, 5 ga Yuni

Akwai wata mai kitso. Shekarun baya muna haɗuwa a bencin asibiti, ɗigonta ya fi nawa yawa, har cikin kumatu. Mu kan yi hira kafin a kira mu. Ta daina zuwa tun shekara huɗu, ta ce ta gaji da a mai da ita abin kallon ɗalibai. Na ji Auta ta taɓa cewa akwai wadda suka kira sau uku tana kashe waya. Ina zaton ita ce.

Na san layin da take aiki, kusa da tashar mota. Ban ce zan je ba. Zare ne ya ƙare mini, kuma a wajen ake sayar da mai kyau.

Talata, 10 ga Yuni

Na je sayen zare.

Ta gane ni tun daga nesa, da bakin. Tana tsefe wa wata kai, ta ce in zauna. Da matar ta tafi na fara, ta ɗaga hannu ta ce idan maganar asibiti ce in riƙe abata, masu farar riga ba su san komai ba sai tambaya. Na ce gaskiyarki. Na ja labule, na ɗaga rigata na nuna mata tabona biyu, na gaya mata girman wanda aka cire a Afrilu da abin da Likita ya ce. Ashe tana ganin jini tun farkon shekara, ba ta gaya wa mijinta ba.

Na ce ta je a duba ta, ko ba ta shiga bincike ba, wannan daban wannan daban. Ta ce wane bincike ne ma? Sai na tsinci kaina ina bayani, bakteriya masu kyau da marasa kyau, sanduna masu launi, kwalba a cikin ƙanƙara. Ban san na riƙe duk wannan ba. Na ce idan nas ta tambaye ki ko kin sha kafso, ki faɗi gaskiya ko da kin sha jiya, kada ki kuskura. Ta ce to, ke kuma me ya yi zafi haka?

Ta yarda Litinin, amma sai in na raka ta. Tana ɗaure ɗankwali ta tambaya, wai ita mai binciken nan mutuniyar kirki ce, ko irin masu ɗaga hanci?

Na ce ƙanwata ce. Na ce ni na koya mata karatu, a kan tabarma, da littafina na aji uku. Na ce duk asibitin nan ba wanda ya kai ta.

Na dawo ban sayi zaren ba. Ban gaya wa Auta komai ba tukuna, Litinin ta gani da idonta. Rigar tana nan a rataye, saura kalmasa, na ƙarasa ta da yamma don tana tare mini wuri.